Da Ɗan Gari Akan Ci Gari, Amma A Rubuta Sunan Ɗan Garin

Shugabannin zaure sun ce wannan karon ni ne a layi, don haka na zaɓi in yi magana a kan abin da ya taɓa cizona, wato aikin bincike da jami'o'in ƙasashen waje ta hanyar intanet, da matsayin irinmu a cikinsa.

Bari in fara da abin da ya faru da ni. Shekara biyu da suka wuce wani bawan Allah ya turo mini saƙo, ya ce akwai wani malami a wata jami'a ta ƙasar waje da yake nazari a kan littattafan Hausa na onlayin, yana neman wanda ya san harkar ciki da bai. Na amsa da murna. Na shafe wata uku ina tattaro littattafai daga rukunonin WhatsApp, na yi hira da marubuta takwas, wasu ma sai da ƙanwata ta shige mini gaba kafin suka yarda su yi magana. Na fassara hirarrakin, na kuma rubuta dogon bayani a kan yadda marubuciya take sakin shafukan farko kyauta, idan labari ya ɗauki zafi sai ta ce mai son ci gaba ya biya a saka shi a rukunin musamman. An biya ni abin da aka yi alkawari cif, ko sisi ba a rage ba. Bayan kamar shekara guda maƙalar ta fito. Na sauke ta, na bi ta layi-layi har ƙarshe. Bayanina yana nan a ciki, an gyara masa Turanci. Sunana kuwa babu shi, ko a wurin godiya.

Na yi kwanaki ina huci, ina cewa kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Da zuciya ta huce sai na tambayi kaina: yaushe na ce a sa sunana? Ban taɓa faɗa ba. Ban ma san ana faɗa ba. A lokacin gani nake mai difloma daga foliteknik ba shi da bakin magana a inda masu digiri uku suke, nasa kawai ya kawo kaya a sallame shi. Wannan tunanin nake so mu kashe a yau. Ra'ayina shi ne intanet ta buɗe mana ƙofar koyon bincike da ƙofar aiki da manyan jami'o'in duniya ba tare da biza ba, amma duk wanda ya shiga bai koyi aikin ba, bai kuma san darajar abin da yake riƙe da shi ba, ɗan dako zai zama.

Abin da ya same ni tsohon labari ne. A 1855 wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, wanda aka taɓa kamawa bawa aka 'yanta, ya bi Bajamushen nan Heinrich Barth zuwa Turai. A Ingila ya zauna da James Frederick Schön yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, shi kuma yana rubutawa. Daga nan aka samu kaso mai yawa na littafin Magana Hausa da ya fito a 1885 da sunan Schön a bango. A 1971 ne Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarin rayuwar Dorugu da Turanci a matsayin nasa na kansa. Haka kuma littattafan tatsuniyoyi guda uku da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, malamai ne suka rubuta su da Ajami, amma har gobe "tatsuniyoyin Edgar" ake ce musu. Labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954 ya fi sauƙi, don aƙalla sunan tsohuwar ne sunan littafin. Ba na kawo waɗannan don in zagi waɗanda suka yi aikin. Ba don sun rubuta ba da yawancin abin ya salwanta. Abin lura shi ne ilimin daga wajenmu yake fita, hanyar tsara shi da buga shi kuma tana hannun wasu. Dorugu ba shi da inda zai koyi wannan hanya. Mu kuwa tana cikin wayar da ke aljihunmu.

A 2012 aka kafa Coursera, wadda malamai biyu na Jami'ar Stanford suka assasa, da edX ta haɗin gwiwar Harvard da MIT. Ita ma FutureLearn Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ce ta kafa ta. A waɗannan shafuka akwai kwasa-kwasan dabarun bincike: yadda ake tsara tambaya, yadda ake hira da mutane, yadda ake tace bayanai, yadda ake rubuta maƙalar ilimi. Wasu ana bin darasinsu kyauta, wasu ana cike takardar neman tallafi a yafe wa mutum kuɗin. Babu mai tambayar ka takardar digiri kafin ka yi rajista a irin waɗannan gajerun kwasa-kwasai. Shirin marubuta na duniya da ke Jami'ar Iowa a Amurka ma ya gudanar da darussa kyauta ta intanet a kan rubutun zube da waƙa. Wajen karatu kuma, shafin AJOL yana tara mujallun ilimi na Afirka, da yawa ana saukewa kyauta, JSTOR kuma tana barin mai rajista ya karanta wasu maƙaloli duk wata ba tare da biya ba. Ƙamusun Bargery na 1934, wanda da sai a babban laburare ake ganin sa, yanzu yana intanet.

A gida ma ba a bar mu a baya ba. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN, an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Daga 2016 zuwa 2021 Farfesa Abdalla Uba Adamu ne ya shugabance ta, mutumin da ya daɗe yana kare adabin kasuwar Kano a lokacin da wasu ke yi masa kallon shara. A jami'ar akwai cibiyar ACETEL da aka kafa da tallafin Bankin Duniya, wadda aikinta bincike ne a kan koyo da koyarwa ta hanyar fasahar zamani. Mai difloma da ke son ɗorawa zuwa digiri ba tare da ya bar sana'arsa ba, nan ne wurin da ya kamata ya fara leƙawa.

To, a ce mutum ya koyi hanyar. Wane aiki ake yi da jami'o'in waje da ya shafe mu? Zan kawo guda uku da kowa zai iya dubawa da kansa.

Na farko Ajami. Jami'ar Boston da ke Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Fallou Ngom ɗan ƙasar Senegal, ta kafa rumbun rubuce-rubucen Ajami na Afirka a intanet. A ɓangaren Hausa sun yi aiki da Dakta Mustapha Hashim Kurfi na Jami'ar Bayero. Ana ɗaukar hoton takardun, a juya su zuwa Boko, a fassara, a saka kowa ya gani. Ɗakin Karatu na Birtaniya shi ma yana da shirin ceto tsofaffin takardun da ke fuskantar lalacewa tun 2004, kuma abin da aka ɗauka ana sa shi a intanet kyauta. Yanzu ku faɗa mini, wa ya fi dacewa da irin wannan aiki fiye da wanda ya yi makarantar allo, ya yi boko, kuma yana rubuta Hausa kullum? Da yawanmu a zauren nan haka muke, amma ba mu taɓa lissafa iya karanta Ajami a cikin ƙwarewarmu ba.

Na biyu harshe da kwamfuta. A 2019 matasan Afirka suka kafa Masakhane, kalmar Zulu mai nufin mu gina tare, don koya wa na'ura harsunan Afirka. Aikinsu kusan duka ta intanet ake yi. Maƙalar da suka fitar a 2020 tana ɗauke da sunayen mutum fiye da 40 daga ƙasashe daban-daban, domin tsarinsu shi ne wanda ya yi aiki a sa sunansa. A 2022 aka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kusan 30,000 a kowane harshe, Hausa da Ibo da Yarabanci da Pidgin, an tantance wanne ne na yabo, wanne ne na suka, wanne ne tsaka-tsaki. Wanda ya jagoranci aikin shi ne Shamsuddeen Hassan Muhammad, malami daga Jami'ar Bayero da ke karatun digirinsa na uku a Jami'ar Porto ta ƙasar Fotugal a lokacin. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da mai kunnen harshe. Na'ura ba ta san "sannu da aiki" kan zama gatse ba, ba ta san "Allah ya ƙara" na iya zama addu'a ko baƙar magana ba. Marubuci ya sani, don da wannan yake cin abinci.

Na uku adabinmu na zamani. A 2004 Graham Furniss na makarantar SOAS ta Landan ya fitar da jerin littattafan ƙagaggun labaran Hausa da aka buga daga 1987 zuwa 2002. A bangon littafin akwai sunan Malami Buba da William Burgess tare da nasa. Carmen McCain, wadda 'yan fim da marubutan Kano suka fi sani da Talatu, ta yi digirinta na uku a Jami'ar Wisconsin a kan finafinan Hausa, ta kuma yi rubutu da yawa a kan marubutanmu. A 2012 kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, sunan mai fassara, Aliyu Kamal, yana nan a rubuce. Na kawo waɗannan don a ga cewa haɗin gwiwa mai mutunci yana yiwuwa, kuma an yi shi.

Yanzu ga inda nake ganin damarmu ta fi girma. Littattafan da Furniss ya lissafa na takarda ne, ana iya zuwa kasuwa a saya a ajiye a kanta. Adabin da muke yi a yau kuwa yana yawo ne a WhatsApp da Telegram da Wattpad da Facebook, wasu kuma ana karanta su da murya a YouTube. Waya ta faɗa ruwa, littafi ya tafi. An rufe rukuni, sharhin masu karatu na shekara guda ya tafi. A ƙarshen 2023 OkadaBooks ta rufe, kuma akwai marubutan Hausa da ke sayar da littattafansu a can. Mai nazari da ke Warso ko Hambug ko Alƙahira ba zai iya shiga rukunin matan aure ya ga yadda ake muhawara a kan ƙarshen labari ba. Mu ne a ciki, mu muka san wa ya rubuta me, yaushe aka fara, wane labari ne ya jawo rigima.

Haka ma koyo ta intanet ɗin kansa abin bincike ne, kuma a gabanmu ake yin sa. Ƙungiyoyin marubuta suna buɗe azuzuwan ƙa'idojin rubutu a WhatsApp. Ana karatun addini ta saƙon murya. Lokacin kullen korona a 2020 an koyar da yara ta rediyo a jihohin Arewa da dama. Tambayoyin da ke nan suna da yawa. Mutum nawa ke fara ajin WhatsApp, nawa ke kai ƙarshe? Su wa ke zamewa, kuma a mako na nawa? Darasin murya ya fi shiga ko na rubutu? Matar aure da ke karɓar wayar mijinta da dare, yaya take bin darasi? Me ya sa ɗalibi zai koyi bambancin ƙ da k a aji, gobe ya koma rubuta su iri ɗaya? Masu bincike a kan karatu daga nesa suna neman irin wannan sani daga wuraren da data ke da tsada, wuta ba ta zama, harshen koyarwa kuma ba Turanci ba. Wanda ke kula da irin wannan aji, idan ya ajiye rajista mai kyau na wata shida da izinin ɗalibansa, ya riƙe abin da ba a samu a kowane laburare.

Na san akwai masu ja, kuma suna da hujja. Wani zai ce data da caji kaɗai sun isa su hana mutum. Gaskiya ne, ni ma sau biyu ina fara kwas ina yar da shi. Abin da ya fisshe ni a karo na uku shi ne sauke rubutaccen darasi maimakon kallon bidiyo, da kuma haɗuwa da abokai biyu muna karba-karba wajen saukewa muna tura wa juna. Wani zai ce Turanci. Shi ma gaskiya ne, yawancin kwasa-kwasan da Turanci suke, 'yan uwanmu na Nijar kuma Faransanci ya fi musu sauƙi. Amma wanda ya rubuta furojet ɗin difloma da Turanci zai iya, sannu a hankali. Wani kuma zai ce satifiket ɗin onlayin ba ya ba da aikin gwamnati. Wannan ma haka ne, kuma kada wanda ya ruɗe ku. Manyan guraben tallafi, irin na Commonwealth da ke ba mutum damar yin digiri na biyu a jami'ar Birtaniya yana zaune a ƙasarsa, sai mai digirin farko. Saboda haka gajeren kwas ba ya maye gurbin digiri. Amfaninsa shi ne ka iya aikin, ka kuma san abin da za ka nema idan an zauna ciniki.

Akwai kuma masu cewa a bar su gaba ɗaya, Turawa kwashe mana kaya suke yi. Na fahimci zafin, don na ɗanɗana. Sai dai rufe ƙofa ba ya adana littafi ko ɗaya. Idan mun ƙi aiki da kowa, mu kuma ba mu tara komai ba, nan da shekara ashirin jikokinmu za su nemi adabin wannan zamani su rasa. Kuma yawancin ayyukan da na lissafa a sama akwai malaman jami'o'inmu a tsakiyarsu. Cibiyar nazarin harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero, da sassan da ake nazarin Hausa a Zariya da Sakkwato da Katsina, su ne gadar da ta fi kusa da mu. Sau da yawa hanyar zuwa Boston ta Kano take bi.

Ga abin da zan ba ƙannena shawara, daga abin da na koya bayan na sha kashi. Ka zaɓi kwas ɗaya na dabarun bincike ka gama shi, ko da zai ɗauke ka wata huɗu. Ka zaɓi ƙaramin abu ɗaya da ka fi kowa sani ka fara tara bayanansa a tsare: sunan littafi, sunan marubuci ko sunan alƙalaminsa, ranar farawa da gamawa, inda aka sake shi, yawan shafuka. Ka buɗe lambar ORCID, kyauta ce, ita ce shaidar da masu bincike ke amfani da ita don kada a haɗa aikinsu da na mai irin sunansu. Idan za ka rubuta wa wani malami imel, ka karanta maƙalarsa ɗaya tukuna, ka gaya masa abin da kake da shi wanda babu a cikinta. Saƙon "ina neman taimako" ba ya samun amsa kamar saƙon "na tara bayanan littattafai sittin da aka saki a WhatsApp bara".

Idan aiki ya zo, kafin ka ɗaga alƙalami ka yi tambaya huɗu, kuma amsar ta zo a rubuce. Mene ne matsayina, mai tattarawa ko abokin rubutu? A ina sunana zai fito? Ina za a ajiye kayan da na tara, kuma zan iya amfani da su nan gaba? Za a dawo wa mutanen da aka yi hira da su da sakamakon cikin Hausa? Ba kowane aiki ne ke kai mutum ga zama abokin rubutu ba, wani godiya ce haƙƙinsa, amma a san haka tun farko. Malamin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Mu ma akwai haƙƙi a kanmu. Littafin 'yar uwarka da ka saya a rukunin biya ba naka ba ne da za ka tura wa baƙo ba da izininta ba. Wadda ta ce a sakaya sunanta a sakaya, domin akwai matan da danginsu ba su san suna rubutu ba, kuma kuskure ɗaya na iya taɓa aurensu. Ni kaina wannan ne ya fi damuna a aikin da na yi, don biyu daga cikin matan da na yi hira da su sun tambaye ni daga baya me aka rubuta a kansu, na rasa abin da zan nuna musu da harshen da suke ji. Sai kuma a yi hattara da 'yan damfara. Duk gurbin karatu ko aikin binciken da aka ce sai ka tura kuɗi a asusun wani mutum, ka gudu. Haka mujallar da ta yi alkawarin buga maƙalarka cikin kwana uku idan ka biya.

Ina da roƙo ga shugabannin wannan zaure. Mu fitar da mutum biyar da za su yi kwas ɗaya tare, su riƙa kawo mana taƙaitaccen abin da suka koya da Hausa duk mako. Mu kuma buɗe rajistar littattafan mambobinmu, kowa ya shigar da nasa da hannunsa. Idan ta yi kauri sai mu kai wa malaman Hausa na jami'ar da ta fi kusa da mu, a matsayin aikin zaure, da sunan duk wanda ya sa hannu. Ni na ɗauki nauyin tsara fom ɗin rajistar kafin Juma'a mai zuwa.

Wanda ya taɓa yin irin wannan aiki da wata jami'a, ta gida ko ta waje, ya ba mu labari a ƙasa, daɗi ko akasinsa, ba sai ya ambaci suna ba. Wanda kuma yake son shiga cikin mutum biyar ɗin ya rubuta "ina ciki". Inda na yi kuskure manyanmu su gyara mini. Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, ya haɗa mu da abokan aiki na gari. Sai mun haɗu a sharhi.